Tsofaffin Littattafan Hausa da Raguwar Masu Karanta Su

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. A zamaninta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937. Ƙasar Katsina tana da kaso mai tsoka a wannan gado, domin Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Duk da haka, a garuruwan manoma irin su Matazu, matashi kan san sunan Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja ba tare da ya taɓa kai ƙarshen littafin ba.

Babban dalili shi ne yadda ake haɗuwa da littattafan. A da, mai iya boko guda ɗaya kan zauna a zaure ko dandali bayan sallar isha, ya karanta da murya, jama'a na dariya suna tofa albarkacin baki. Ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na shekarun 1950 da ƙishirwa suka tarbi littattafan. Yau kuwa a aji ake fara ganinsu, a matsayin abin da WAEC ko NECO ko JAMB za su yi tambaya a kai. Malami ya rubuta jigo da salo da sunayen taurari a allo, ɗalibi ya haddace, a wuce wurin. Barkwancin Imam, wanda kunne ya fi ido jin daɗinsa, ya koma amsar tambaya ta uku. Sau da yawa ma littafin kansa ba ya shiga hannun ɗalibi, sai taƙaitawarsa.

Sai tazarar zamani. Wanda aka haifa bayan zuwan naira a 1973 bai san darajar sule da taro da sisi ba, bai san Razdan ko Di'o ko ɗan doka ba, balle kayan yaƙi irin su sulke da lifidi. In ba mai fayyace masa, shafi biyu ya ishe shi gajiya.

Samun littafin ma aiki ne. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ya gaji buga yawancinsu, amma takarda ta yi tsada, kuma uban da ke lissafin kuɗin taki da na ƙwadago da wuya ya sa littafin hira a gaba.

Ba karatun aka daina ba, abin karantawar ne ya sauya. Tun tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka mamaye kasuwa, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi tashe a farkon shekarun 1990. Farfesa Ibrahim Malumfashi na cikin waɗanda suka fi sukar wannan rubutu da ake kira Adabin Kasuwar Kano, amma masu karatu, galibinsu mata, sun ga kishi da auren dole da zaman gidan miji a ciki, abubuwan da yawon Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja da yaƙe-yaƙen Ganɗoki ba su damu da su ba. Yanzu labaran sun koma waya, ana sakin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana sauraron su a YouTube.

Tsofaffin waƙoƙi sun fi zube dacewa ta fuskar sauraro. Imfiraji ta Aliyu Namangi ta daɗe a bakin makafi masu rera ta a kasuwanni da tashoshin mota, har ana samun wanda ya haddace baitocinta bai taɓa ganin bugaggen littafinta ba.