Wadan da ya fi kowa tsayi a Game of Thrones

A waya na kalli Game of Thrones, zango bayan zango, a nan El Allassane Maïreyrey. Tashar HBO ta Amurka ce ta nuna shi daga 2011 zuwa 2019, kashi 73. Tun farko in faɗa, akwai tsiraici da zubar da jini da ba su dace da zauren iyali ba. Amma rawar da Peter Dinklage ya taka a matsayin Tyrion Lannister ta tsaya mini a rai.

Dinklage wada ne na gaske, ba dabarar kwamfuta ba. An haife shi da larurar ƙashi da ke hana hannuwa da ƙafafu tsawo. Masu shirin ba su sa shi don a yi dariya ba. Sun ba Tyrion kaifin basira da iya magana, sun ba shi laifuffukansa kamar kowane ɗan Adam: mashayi ne, mai riƙo ne. Kyautar Emmy huɗu Dinklage ya ci da wannan rawa.

Wurin da ya fi taɓa ni yana zango na huɗu, a bikin auren Sarki Joffrey, ɗan 'yar'uwar Tyrion. Aka kawo wadanni biyar su yi wasan yaƙi, fadawa na ta ƙyaƙyatawa. Sai kyamara ta bar masu dariya ta koma kan fuskar Tyrion, ya ɗaure fuska, ido a kafe. Nan take dariyar ta zama abin kunya ga mai kallo. Na tuno wani tela da na sani a Tasawa, magidanci mai 'ya'ya, yadda yara ke binsa ranar kasuwa suna "wada, wada", manya kuma na murmushi. Ni ma na yi murmushin, Allah Ya yafe mini.

Kunne ma yana da darasinsa a shirin. Maƙiyan Tyrion laƙabin raini suke jifarsa da shi, masu ganin girmansa kuwa sunansa suke kira. A Amurka ƙungiyar wadanni ta Little People of America, wadda Billy Barty ya kafa a 1957, ta ƙi wata kalmar Turanci da ake kiran wada da ita, wadda aka samo daga sunan ƙaramin ƙwaro. Tamu kalmar, "wada", ba ta kai can muni ba, sai dai tana zama zagi da zarar ta maye gurbin "Malam" da sunan yanka.

Zangunan ƙarshe sun rage wa Tyrion kaifi, ya yi ta ba da shawarwari marasa kan gado, wannan kuwa laifin marubuta ne. Duk da haka ina kira ga masu fim na Kano da Maraɗi: ku ba wada rawar alƙali ko likita ko uban gida, ku sa masa suna.