Gwanayen Sauke Dusar Ƙanƙara a Ƙauyukan Nigata

A ƙauyukan da ke cikin tsaunukan Nigata, a gefen Japan da ke fuskantar Rasha, magidanci yakan san lokacin hawa rufi ya yi tun yana cikin ɗaki. Ƙyauren gidajensu na gargajiya irin wanda ake ja gefe ne. Ranar da aka ja shi ya cije, ya ƙi tafiya sai da ƙarfi, to nauyin dusar ƙanƙarar da ke bisa ya fara danne ginshiƙan gida. Daga nan babu sauran jira. Sai a ɗauko tsani.

Kaɗan ne wurare a duniya da mutane ke zaune cikin dusa mai yawan ta wannan yanki. Iska mai tsananin sanyi na tasowa daga Siberiya a bushe, ta ratsa Tekun Japan wanda ruwansa ke da ɗumi, ta kwashi tururi, ta zo ta ci karo da tsaunuka, ta juye kayanta gaba ɗaya a kan garuruwa irin su Tokamachi da Tsunan. Mita biyu zuwa uku a ƙasa ba abin mamaki ba ne a can. A watan Fabrairun 2006 an auna santimita 416 a Tsunan, wato sama da tsayin mutum biyu. Kuma dusar wannan yanki jiƙaƙƙiya ce. Idan ta kwana biyu ta danne kanta, kowace mita ɗaya tsaye da kwance tana iya kai kilo 300 ko fiye. Gida madaidaici zai iya wayar gari da tan goma ko ashirin a kansa.

Wanda ya kalli masu wannan aiki daga nesa zai zaci ƙarfi ne kawai. Sai ya matso zai ga dattijon da ya haura saba'in yana gama rufinsa da sauran numfashi, saurayi baƙo kuwa ya galabaita tun kafin rabin sa'a. Bambancin yana cikin lissafi, kuma lissafin yana farawa tun ƙafa ba ta taka tsani ba.

Gwani yakan fara da zagaya gida yana duba inda zai zubar da abin da zai sauke. Wannan ne babbar tambaya, domin dusar da ta sauka a Disamba tana nan har Afrilu, kuma rufin nan za a sake hawa shi sau da yawa kafin hunturu ya wuce. Wanda ya tara ta kusa da bango a saukewar farko zai rasa wurin ta biyu, ya toshe tagoginsa, ya rufe bututun da hayaƙin murhun kalanzir ke fita, abin da ke iya halaka mutanen ɗaki cikin barci. Amma kuma ba ya share gindin gida fes kafin ya hau. Yakan bar tudun dusa mai laushi a ƙasa, ko da ƙafa za ta zame a samu abin faɗawa. Ya kafe gindin tsani cikin dusa ya tattake shi, ya ɗaure samansa, wani ya riƙe masa, sannan ya hau hannu biyu babu kaya. Kayan aiki da igiya ake jawo su daga baya.

A bisa rufi, abu na farko shi ne gano baki. Iska takan gina dusa ta zarce ƙarshen kwano, ta yi leɓe wanda ido ke gani kamar wurin tsayawa alhali babu komai a ƙarƙashinsa. Wannan leɓe ake fara datsewa, a hankali, har gefen rufi ya bayyana. Daga nan sai babban kayan aiki ya shigo: wani faffaɗan cokali na ƙarfe mai doguwar mariƙa da ake kamawa da hannu biyu. Gwani ba ya ɗaga shi. Yakan soka bakinsa a dama, ya soka a hagu, ya tura ƙarƙashi da cinya, sai gunduma mai kusurwa huɗu ta ɓalle kamar tubalin bulo. Ya ja da baya, ya juya, ya bar ta ta sulale bisa hanyar da ya riga ya goge da gindin cokalin, ta faɗa inda ya nufa. Gangare da santsi ke ɗaukar kayan, bayansa yana hutawa. Haka zai bi sahu-sahu, yana rage wannan gefe yana rage wancan, don kada nauyi ya koma ɓangare ɗaya ya murɗe gida.

Akwai wata dabara da ke nuna wanda ya ƙware: ba ya kankare rufi har kwano. Yakan bar dusa kamar tsayin tafin hannu, saboda a kanta takalmi ke samun kamu, kwano jiƙaƙƙe kuwa ba ya riƙe kowa. Ya kuma san ranar da ta fi haɗari ita ce wadda ta fi daɗin aiki, wato ranar da gari ya washe rana ta fito. Ɗumi na narkar da ƙasan dusar, ruwa ya shiga tsakaninta da kwano, dukan abin ya zame lokaci guda da wanda ke tsaye a kai.

Aikin ƙasa ma da nasa ilimi. Kafin zuwan motocin share hanya, gidaje kan karɓi juna wajen fita da asuba a tattake hanya da kanjiki, wani zobe na itace da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi don kada ƙafa ta nutse, yara su samu hanyar makaranta. Yau direbobi ne ke fita cikin dare, suna bin dogayen sanduna masu ja da fari da aka kafa a gefen titi, domin titin kansa ya ɓace. Motar na wucewa sai ta bar kunya mai tauri a ƙofar kowane gida, wadda dole a fasa kafin a fita aiki. A wasu garuruwa akwai magudanan ruwa masu gudu a ƙarƙashin murfin ƙarfe, kowace unguwa da sa'arta ta zubawa. Idan kowa ya zuba lokaci guda sai magudanar ta toshe, ruwa ya shiga gidajen na ƙasa. A birnin Nagaoka kuma, tun 1961 aka fara shimfiɗa bututu a tsakiyar titi yana fesa ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ɗuminsa ke narkar da dusa tana sauka.

Duk da wannan ƙwarewa, aikin na cin rayuka. A hunturun 2005 zuwa 2006 mutum 152 suka rasu a Japan sanadiyyar dusa, akasarinsu wajen share ta, kuma mafi yawansu tsofaffi ne. Dalilin a fili yake: matasa sun tafi birane, an bar dattawa su kaɗai da manyan gidaje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya faɗo shi kaɗai dusa ta binne shi babu mai jin kiransa. Shi ya sa ake nanata musu kowace shekara cewa a hau mutum biyu, a sa hular kwano, a ɗaura igiya a ƙugu, a riƙe waya a aljihu. Sababbin gidaje kuma ana ɗaga su bisa bene na siminti, da rufi mai tsananin gangare wanda ke zubar da kayansa da kansa.

Mutanen nan ba su ɗauki dusa abokiyar gaba ba. Ruwanta ne ke shayar da shinkafar Uonuma da ta yi suna a duk faɗin Japan. Manoman Tsunan kan bar karas ya yi hunturu a ƙarƙashinta, su tono shi da bazara ya ƙara zaƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda a 'yan shekarun nan ake tara masu aikin sa-kai daga birane, a kai su ƙauye, dattawa su koya musu yanka da turawa da gano baki kafin a bar su su hau rufin kowa. Tsoho ya samu mai taya shi, saurayi ya koma gida da sanin da ba a rubuce yake ba, ƙauye kuma ya ƙara samun dalilin ci gaba da zama a wurinsa.