Moog Ko Buchla: Nazari Kan Gidaje Biyu Na Ƙirar Sauti

Mai son ƙera sauti da lantarki, wanda burinsa amon da kunne bai taɓa ji ba, in ya tashi sayen sintesaiza yakan tarar da gidaje biyu a gabansa. Masu sana'ar na ce musu gabas da yamma, domin ɗaya ya taso a jihar Niyok, ɗayan a Kalifoniya, duk a Amurka, kusan lokaci guda. Bambancinsu ya wuce na amo. Kowane gida yana da irin tarbiyyar da yake yi wa hannun mai kiɗa, kuma a nan zaɓin yake.

Robert Moog ya nuna sassan na'urarsa na farko a taron injiniyoyin sauti a 1964, bayan ya yi aiki da mai tsara kiɗa Herbert Deutsch. Hanyarsa ta ragewa ce. Na'urar kan fitar da sauti mai kauri, cike da amo, sai a bi da shi ta mataci a rage masa kaifi har ya zama abin da ake so, kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi daga gungume. Matacin nan, wanda Moog ya sami rajistar mallakarsa a 1969, shi ke ba na'urar kaurin muryar da aka san ta da shi. Sannan ya haɗa mata madannai irin na fiyano. Wannan shawara ce ta buɗe masa kasuwa. Faifan Wendy Carlos mai suna Switched-On Bach ya fito a 1968 ya ci kyautar Grammy uku, Minimoog kuma ta biyo baya a 1970, ƙarama, ba sai an jona wayoyi ba. Duk wanda ya iya fiyano ya iya ta tun ranar farko.

Don Buchla ya bi wata hanya dabam. Morton Subotnick da Ramon Sender na cibiyar kiɗan tef ta San Francisco ne suka nemi a ƙera musu abin da zai raba su da wahalar yanka zaren tef da reza ana liƙawa, aka kuma fara aikin da tallafin dala 500 daga gidauniyar Rockefeller. Buchla ya ƙi madannan fiyano da gangan, don yana ganin duk wanda aka ajiye su a gabansa tsohon kiɗa zai koma bugawa. A madadinsu ya sa farantan ƙarfe masu jin taɓawar yatsa, da wani sashe mai jera sautuka da kansa. Maimakon ragewa, ƙari yake yi: a fara da sauti siriri, a sa wani sauti ya girgiza shi, a nannaɗe shi har ya yi kaushi ko ƙarar ƙarfe. Akwai kuma sashen da ke buɗe sauti da taimakon ɗan haske, wanda ke sa amo ya mutu a hankali har masu sana'ar ke kiransa bongon Buchla. Wani sashen ma aikinsa kawai fitar da lantarkin da ba a san inda zai nufa ba. Da samfurin Buchla na farko Subotnick ya yi Silver Apples of the Moon a 1967, bisa odar kamfanin faifai na Nonesuch.

Daga nan aka sami maganar da ake yawan maimaitawa, wai Moog ta 'yan kasuwa ce, Buchla ta masu bincike. Tarihi bai goyi bayan wannan rabon ba. Sun Ra, wanda ba a fi shi fita daga layi a kiɗan jaz ba, yana cikin mutanen farko da suka riƙe Minimoog, ya kuma fitar da ƙara da kururuwar da ba su da alaƙa da Bach. A ɗaya gefen, Suzanne Ciani da na'urar Buchla ta ƙera sautin buɗe kwalba da zuba lemo na tallar Coca-Cola, aikin kasuwa tsantsa. Ashe kowace na'ura tana iya zuwa inda aka kai ta. Tambayar ita ce ina take jan mutum in ya sake mata linzami.

Yau ba sai an sayi bango guda na akwatuna ba. Tun da Dieter Doepfer na Jamus ya fito da tsarin Eurorack a tsakiyar shekarun 1990, sassa suka yi araha, ana kuma gauraya na kamfanoni dabam-dabam a akwati ɗaya. Mafari da yawa sukan tsaya ne tsakanin ƙanana biyu: Mother-32 ta Moog da ta fito a 2015, da 0-Coast ta Make Noise da ta fito a 2016, kamfanonin duka a garin Asheville. Ta farko tana da matacin gidansu da majerin sautuka, tana kuma yin abin da aka umarce ta. In ka sami amo mai daɗi yau, gobe ka san hanyar komawa gare shi. Ta biyu ba ta da madannai, ba ta da mataci irin wancan, ta ɗebo daga gidajen biyu amma ta fi karkata yamma. Murɗa maɓalli kaɗan yakan juya sautin gaba ɗaya, shi ya sa masu aiki da ita ke barin rikoda a kunne, don abin da ya wuce ba lallai ya dawo ba.

Saboda haka mizanin yana ga mai sayen, da irin rauninsa. Wanda ya riga ya ji sautin a kansa, kamar mai haɗa amon fim da ake jiran aikinsa gobe, na'ura mai biyayya yake bukata, gabas ta fi masa. Wanda kuwa yatsunsa suka haddace fiyano har ba sa iya kaucewa waƙoƙin da suka saba, ya fi bukatar na'urar da za ta hana shi madannan, ta riƙa mayar masa da amsar da bai tambaya ba. Ga mai neman sabon sauti, na fi ba da shawarar yamma, da sharaɗin ya yarda cewa makonnin farko hayaniya zai yi ta tarawa, kuma rabin aikin zai koma zaman saurare da zaɓe a cikin abin da ya ɗauka.