Kaciyar Rana ta Takwas: Dokar Yahudawa da Fahimtar Kiristoci

A ƙasar Hausa kaciya ba abin muhawara ba ce. Musulmi yana yi wa ɗansa, Kirista ma haka, ko a wurin wanzami ko a asibiti. Shi ya sa mai karatu zai iya mamaki idan ya ji cewa wannan ɗan aiki na minti kaɗan ya kusa raba ikkilisiyar farko gida biyu. Kafin a gane dalili, sai an fara sanin nauyin kaciya a wurin Bayahude.

Tushen dokar yana babi na 17 na Littafin Farawa. A can aka ba da labarin alkawarin da Allah ya ƙulla da Ibrahim da zuriyarsa, aka sa kaciya ta zama alamarsa a jikin kowane namiji. Ibrahim yana da shekara 99 lokacin da aka yi masa, Isma'ila kuma yana da 13. Ishaku, wanda aka haifa daga baya, shi aka yi wa a rana ta takwas, kuma Littafin Firistoci ya tabbatar da wannan rana a cikin Shari'ar Musa. Dokar ta maza ce kaɗai. Ta haɗa har da bawan da aka haifa a gida ko aka saya, kuma baƙon da ba shi da kaciya ba ya cin Idin Ƙetarewa.

Da ranar haihuwa ake fara ƙirga kwanakin, don haka yaron da aka haifa ranar Litinin, Litinin mai zuwa ce ranarsa, kamar dai yadda kwanan suna yake zagayowa a wurinmu. Yahudawa suna kiran bikin birit mila. Da safe aka fi yinsa. Ana shigo da jariri a kan matashi, a fara ɗora shi a kan wata kujera da aka keɓe da sunan annabi Iliya, sannan a miƙa shi ga wanda aka girmama da riƙonsa a cinya, sau da yawa kakansa. Gwanin da aka horar, wanda suke kira mohel, ya yi addu'a ya cire loɓar, uban yaron ya yi tasa addu'ar, a ɗiga wa jaririn ruwan inabi a leɓe, a raɗa masa suna. Jama'a su yi masa fatan ya girma cikin Attaura, ya yi aure, ya yi aikin alheri.

Ko da rana ta takwas ta faɗo a Asabar, ranar da Bayahude mai kiyaye addini ba ya ko kunna wuta, ana yin kaciyar, muddin haihuwar ta zo yadda aka saba kuma yaron lafiyarsa ƙalau. Abin da ke dakatar da ita shi ne tsoron rasa rai. Jariri mai shawara ko zazzaɓi ana jira ya warke. Malaman Yahudawa na Talmud sun yanke cewa idan 'ya'yan mace ɗaya sun mutu a jere saboda zubar jini bayan kaciya, ba za a yi wa na bayansu ba. Sun lura da cutar rashin daskarewar jini da ake gado ta wajen uwa, ƙarnoni masu yawa kafin likitoci su bayyana ta. Wannan hukunci ya isa amsa ga masu ɗaukar shari'ar Yahudawa a matsayin bin doka ido rufe.

Akwai kuma jinin da aka zubar a kan kaciya. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokus na huɗu ya haramta kaciya a Yahudiya. Littafin Makabiyawa na farko ya ba da labarin matan da aka kashe don sun yi wa 'ya'yansu, aka rataye musu jariran a wuya. Jikokin waɗannan mutane ne suka fara bin Yesu. Shi kansa an yi masa kaciya a rana ta takwas aka sa masa suna, kamar yadda Luka ya rubuta, manzanninsa kuma duk Yahudawa ne.

Rigimar ta taso ne da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara karɓar bishara. A Antakiya sun yi yawa, sai wasu 'yan'uwa daga Yahudiya suka zo suna koyar da cewa ba ceto sai da kaciya. Bai kamata a ɗauki waɗannan mutane a matsayin 'yan tayar da zaune tsaye ba. Nassi yana hannunsu, kuma Farawa ta kira alkawarin madawwami. Manzo Bulus da Barnaba suka ƙi, aka kai maganar Urushalima wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu. Manzo Bitrus ya kafa hujja da gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, inda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya. Yakubu, ɗaya daga cikin shugabannin ikkilisiya, ya rufe taro da cewa kada a ɗora wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, wannan kaya, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Abin lura shi ne taron bai ce Yahudawa masu bin Yesu su daina yi wa 'ya'yansu kaciya ba. Tambayar da aka amsa ita ce ko dole ne Baheleni ya zama Bayahude kafin ya zama Kirista.

Halin Bulus da almajiransa biyu ya fi kowane dogon bayani fayyace matsayinsa. Titus Baheleni ne, kuma Bulus ya tsaya kai da fata ba a yi masa kaciya ba, domin masu nema sun mai da ita sharaɗin ceto. Timoti kuwa uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Baheleni, sai Bulus ya yi masa kaciya don kada Yahudawan yankin Listira su ƙi sauraronsa. Ba wuƙar ce ta dami Bulus ba, abin da ake jingina mata ne. A wasiƙarsa ga Romawa ya bi jerin babobin Farawa: a babi na 15 aka lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa a matsayin adalci, kaciya ba ta zo ba sai a babi na 17. Saboda haka kaciya hatimi ce a kan abin da ya riga ya samu, Ibrahim kuma uba ne ga masu kaciya da marasa ita.

Kiristoci da yawa suna zaton maganar kaciyar zuciya Bulus ne ya fara ta. A cikin Attaura take, a Maimaitawar Shari'a babi na 10 da na 30, annabi Irmiya kuma ya sake jaddada ta. Bayahude ya san tun tuni cewa alamar jiki ba ta wadatar idan zuciya ta taurare. Sabon abin da Kiristanci ya kawo shi ne cewa ta zuciyar tana iya tsayawa ba tare da ta jiki ba, da kuma haɗa ta da baftisma, kamar yadda wasiƙar Kolosiyawa ta yi. Baftisma kuwa ta mace da namiji ce. Daga nan Jon Kalbin da mabiyansa suka ciro hujjar yi wa jarirai baftisma: tun da an sa jariran Isra'ila cikin alkawari, 'ya'yan masu bi ma a sa su. 'Yan Baptis sun ƙi wannan, suka ce sai wanda ya ba da gaskiya da kansa.

Ikkilisiyoyi ba su bi hanya ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha sun ci gaba da kaciya a matsayin al'ada har yau, ko da yake taron Cocin Katolika na Filorens ya haramta ta a 1442. Ikkilisiyoyin Otodoks suna tuna kaciyar Yesu a ranar 1 ga Janairu ta kalandarsu.

Inda tarihin ya ɓaci shi ne lokacin da 'yancin da aka ba al'ummai ya koma raini ga Yahudawa. A ƙarni na biyu Jastin Shahidi ya rubuta cewa an ba su kaciya ne don a ware su su sha wahalar da ta cancance su. Wannan fassara ba ta da gindi a Farawa, kuma ta saɓa wa Bulus, wanda ya ce kaciya tana da amfani mai yawa, ya ce Allah ba ya janye kiransa ga Isra'ila, ya kuma gargaɗi al'ummai cewa su rassan da aka ɗaura ne a jikin zaitun, kada su yi wa tushe fahariya. Sai a 1965 Cocin Katolika ta fito fili a sanarwar Nostra Aetate ta ƙi koyarwar cewa Allah ya la'anci Yahudawa. Mai wa'azin da ya hau bagadi ya kira kaciyar Yahudawa aikin banza, ya sani cewa alamar da ke jikin Ibrahim da Musa da Yesu yake zagi, kuma taron Urushalima bai ba shi wannan izini ba.