Jinjina ga Masu Horar da 'Yan Ƙwallon Kwando na Zariya

Ranar da aka ɗaga kofi, ɗan wasa ake yi wa tafi. Kocin da ya sha rana da ƙurar hunturu tare da shi, sau da yawa ko a hoto ba ya fitowa. Yau su za mu jinjina wa, musamman na Samaru, nan kusa da mu mutanen Kudan, Makarfi da Ikara.

Aikin nasu na haƙuri ne. Yaro zai zo da tsawo kamar gora amma hannun hagunsa bai san ƙwallo ba. Sai koci ya hana shi taɓa ta da hannun dama, ya sa shi buga ta a ƙasa yana kai da komo har gumi ya jiƙa riga. Jifa kuma, a gyara gwiwar hannu, a sake, a kuma sakewa. Wani kocin har kuɗin mota da takalmi yake ciro wa yaro daga aljihunsa, ya kuma je ya lallashi uban da ke ganin wasa shiririta ne.

Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira OBJ, ya shafe shekaru yana wannan hidima a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, kuma tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa ke shirya wa matasan Afirka sansanonin horo.