Manhajar layin umarni ta fara iya karanta bututu kafin kwalliya

Sabbin manhajojin layin umarni sun iya kwalliya: rubutu launi-launi, 'yar alama mai juyawa, tambayoyin da ake zaɓar amsarsu da kibiya. Ban ƙi kwalliya ba. Damuwata ita ce da yawansu sun ɗauka kullum mutum ne zaune a gabansu, alhali sau tari wata manhajar ce ke ɗura musu bayanai ta bututu.

Tun 1964 Douglas McIlroy ya ba da shawarar a riƙa jona manhajoji baki da baki, sai a 1973 Ken Thompson ya saka bututun cikin Unix a Bell Labs. Kowace manhaja tana da ƙofa uku: 0 ta shigar bayanai, 1 ta sakamako, 2 ta ƙorafi. Kiyaye wannan ƙa'ida ne ya sa grep da sort da wc, duk tsufansu, har gobe suna aiki tare ba gardama.

To ga abin da masu kwalliya ke yi. Ka turo jerin sunayen fayiloli ta bututu, manhaja ta tsaya tana tambayar ko ka tabbata. A ina take jiran amsa? A ƙofa ta 0, inda jerin naka yake. Sai ta haɗiye sunan farko a matsayin amsarka. Tuntuni ssh ta kauce wa wannan: kalmar sirri daga /dev/tty take karɓa, ba ta taɓa abin da ke cikin bututu.

Akwai kuma mai cewa sai ta karance komai kafin ta motsa. Jona ta da tail -f, wanda ba ya ƙarewa, ka ga zaman jiran gawon shanu. Da layi-layi take karantawa, da tuni sakamako ya fara fita.

Wani zai ce ai isatty na gaya wa manhaja ko mutum ne a gabanta. Gaskiya ne, kuma ya dace wajen kashe launi, kamar yadda ls ke yi. Amma a ƙarƙashin cron babu mutum, babu kuma bayanai, don haka hasashen cewa in babu mutum akwai bayanai a bututu sai ya kuskure. Tsohuwar al'ada ta fi: in ba a ba da sunan fayil ba, ko an rubuta -, a karanta ƙofa ta 0.

Duk mai rubuta irin wannan manhaja, ya fara gwada ta tsakanin cat da wc. In ta ci wannan jarrabawa, sai ya shafa mata launin da ya ga dama.