Muƙala, Majigi da Kunnen Mai Sauraro

Duk wanda ya saba halartar taron ƙara wa juna sani, na malaman jami'a ne ko na likitoci ko na injiniyoyi, ya san yadda zaman yake tafiya. Shugaban zama ya ba mai gabatarwa minti goma sha biyar. Biyar na farko su tafi a gaishe-gaishen manyan baƙi, biyar su bi su wajen fayyace ma'anar kalmomi da bitar ayyukan magabata. Yana isowa kan abin da ya gano, wanda dominsa mutane suka taso daga Sakkwato da Maiduguri, sai a miƙo masa 'yar takarda: saura minti biyu. A bayansa kuwa allon majigi cike yake da rubutu, yana karantawa, mahalarta na karantawa, kowa da saurinsa. A ƙarshe a yi tafi a watse, taron tsintsiya ba shara.

Mafi yawan masu gabatarwar nan sun san aikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne sun cakuɗa abu biyu: muƙala, wadda aka rubuta domin ido, da jawabi, wanda ake yi domin kunne. Mai karatu yana iya tsayawa, ya koma baya, ya sake duba jadawali. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Abin da ya wuce shi ya wuce. Tun da manhajar PowerPoint ta fito a 1987, sai aka samu wurin zuba muƙala gutsure-gutsure, aka ɗauka gani ya kori ji, alhali cunkoson rubutu ya hana ganin, ya kuma hana jin.

Wannan cakuɗa tana iya yin ɓarna mai girma. A Janairun 2003, wani ɓangaren soso ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu na kumbon Columbia na Amurka yayin tashinsa. Injiniyoyi suka yi wa shugabannin hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, bayani da shafukan majigi. Kanun wani shafi yana kwantar da hankali, amma can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka rubuta cewa soson ya ninka wanda aka taɓa gwadawa sau ɗaruruwa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse, mutum bakwai suka rasu. Edward Tufte na Jami'ar Yale ya yi wa shafin filla-filla, kwamitin binciken hatsarin ma ya soki dogaro da majigi a madadin cikakken rahoto. Gaskiya tana kan allo, amma an binne ta a inda ido ba ya fara sauka.

Waɗanda suka gane cutar sun nemi magani ta hanyoyi daban-daban. Kamfanin Amazon, tun 2004, ya koma ga rubutaccen bayani mai shafi shida, wanda manyan ma'aikata ke karantawa shiru kafin a buɗe tattaunawa. A Tokiyo, wasu masu zanen gine-gine biyu sun ƙirƙiro tsarin PechaKucha a 2003: hoto 20, kowane daƙiƙa 20. Dandalin jawabai na TED kuwa ya ƙayyade wa kowane jawabi minti 18. Dukkansu abu guda suka yi, sun raba wa ido aikinsa, kunne nasa.

Mu ma muna da wannan rabon aiki a gida, a majalisin tafsiri. Mai jan baƙi ya ja aya, ya yi shiru. Malam ya ɗauka, ya fassara, ya kawo dalili, ya buga misali da kasuwa ko gona, sannan a ci gaba. Ba a taɓa jin su biyun suna magana lokaci guda ba. Da wannan tsari marigayi Shaikh Abubakar Gumi ya riƙe masu sauraro shekara da shekaru a Masallacin Sultan Bello da kuma ta gidan rediyon Kaduna, inda babu abin kallo ko kaɗan.

Darasin ga mai gabatarwa a fili yake. Majigi ya kawo abu ɗaya, hoto ko adadi ko taswira, shi kuma ya fuskanci jama'a ya warware shi. Ya gaida manya da jimla guda, ya fara da abin da ya gano, domin ƙwararru sun riga sun san shimfiɗar. Likitar da za ta yi bayanin mace-macen mata wajen haihuwa, in ta fara da labarin mace ɗaya da jini ya ɓalle mata ana neman mota cikin dare, alƙalumanta za su samu wurin zama a zukata. Cikakkiyar muƙala kuma a raba ta a takarda.

Kafin ya hau mumbari, ya gwada faɗin saƙonsa ga abokin aiki cikin jimla biyu, ba takarda. In ya iya, ko an ɗauke wuta a tsakiyar zama, mutanen Sakkwato da Maiduguri za su koma gida da abin da suka zo nema.